Aiki Da Godiya

Babu kalmar da Bahaushe ya ke yawan furtawa kamar godiya. In ka tarad da manomi ya duƙa bisa kunya, rana ta take, gumi na zuba, ka ce masa, "Ina aiki?" sai ya ɗago ya ce, "Aiki da godiya." In ka tambayi mai jinya yaya jiki, ko da ya kwana bai runtsa ba, sai ya ce, "Da sauƙi, mun gode Allah." Yaro ma ya kan koyi faɗinta tun bai san ma'anarta ba. Amma abin da baki ya saba da shi ya kan fita ko zuciya ba ta sani ba, kamar yadda ƙafa ta kan kai mutum gida da dare ko hankalinsa yana wani wuri. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Haka nan ba a sanin mai godiya sai shekarar da rumbu bai cika ba.

Ga labarin wani dattijo Kirista, manomi, da abin da ya auku a gidansa cikin irin wannan shekara. Mutumin Wusasa ne, kuma ba za a gane halinsa ba sai an san kaɗan daga tarihin garinsa.

Wusasa tana yamma da birnin Zariya, a gindin wani dutse, kusa da Kufena. Asalinta daga wani Bature ne ɗan Ingila, Likita Mila, wanda ya koyi Hausa a Tarabulus, ya zo ƙasar Hausa a 1900, sa'an nan ya zauna cikin birnin Zariya a 1905, yana ba da magani yana koya wa yara karatu. A wancan zamani akwai waɗansu mutane da a ke kira Isawa, watau mabiyan wani malamin Kano, Malam Ibrahim, wanda ya ɗaukaka Annabi Isa ƙwarai cikin karatunsa. Bayansa almajiransa suka watsu, waɗansu suka nufi wajen Ningi. A 1913 waɗansu daga zuriyarsu suka sadu da Likita Mila, suka karɓi addinin Kirista, suka tattaru a wani ƙauye a ƙasar Zazzau wai shi Gimi. Ba su daɗe ba ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya faɗa musu, ya kashe mutane da yawa, har garin ya tashi. Waɗanda suka ragu suka komo Zariya. A 1929 aka ƙaura daga cikin birni zuwa Wusasa, aka gina majami'a ta ƙasa irin ginin Hausa, da makaranta, da asibiti. A 1932 kuma aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. Ƙaramin gari ne, amma ya yi manyan 'ya'ya, kamar su Dokta Barau Dikko, likita na farko cikin 'yan Arewa, da Janar Yakubu Gowon wanda ya mulki Nijeriya daga 1966 zuwa 1975.

Shi dattijon nan namu ba ya cikin manyan. A Gimi aka haife shi, can ciwon barci ya ɗauke uwarsa tun yana ɗan ƙarami, wani kawunsa ya goyo shi zuwa Zariya. Yana saurayi ya ɗauki tubali a ka sa'ad da a ke ginin majami'a. Karatunsa bai yi nisa ba, iyakarsa ya karanta Hausa da boko ya kuma rubuta wasiƙa. Uwargidansa kuwa sai da ta haifi 'ya'ya huɗu ta shiga ajin Yaƙi da Jahilci, ta koya da girmanta. Kowace asuba, kafin kowa ya ɗauki fartanya, ya kan tara iyalinsa a tsakar gida, a karanta kaɗan daga Littafi, a yi addu'a. Ba a kuma sa hannu cikin akushi a gidansa sai an yi godiya, ko da ɗumame ne. Yaran sun saba da wannan har ba su kula da shi, kamar yadda ba a kula da ƙofar ɗaki.

Ana nan, sai shekarar 1973 ta zo, shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo. Ruwa ya makara, ya kuma ɗauke da wuri. Ƙasar Zazzau ba ta sha wuya kamar Katsina da Daura da Sakkwato da Barno ba, balle ƙasar Nijar inda dabbobi suka yi ta faɗuwa, amma duk da haka dawa ba ta yi ido sosai ba. Gonar dattijon, wadda ta saba ba shi dami 40, a wannan kaka dami 13 ta bayar. Bakin da ke ci a gidan kuwa tara ne, ga matar babban ɗansa da tsohon ciki.

To, Kirista suna da wata al'ada. In an gama girbi, a kan keɓe wata Lahadi ta godiya. Kowa ya kan kawo wani abu daga cikin abin da ya samu, wani damin dawa, wani kwandon gyaɗa, wani kaza ko ƙwai, wata kabewa ko kuɓewa busasshiya. A tara a gaban jama'a, a yi addu'a, sa'an nan dattawa su raba, wani kashi domin aikin majami'a, wani domin marayu da gwauraye da marasa lafiya. Dattijon nan ya saba kai dami biyu kowace shekara. Ran Asabar da la'asar ya hau rumbu, ya zaɓo dami biyu mafi kyau, ya jingine su a bakin zaure.

Babban ɗansa ya komo daga gona ya gan su. Ya tsaya ya yi shiru, sa'an nan ya durƙusa ya ce, "Baba, har bana ma?"

Dattijon ya ce, "Bana ba mu ci ba ne?"

Ya ce, "Baba, ka gafarce ni, ba gardama na ke yi da kai ba. Dami 13 muka samu. In ka kai biyu, saura 11, ga iri ba mu fitar ba. Wannan ba zai kai mu bazara ba. Allah ai ya san halin da mu ke ciki, ba ya kuwa cin dawa. Jikokinka ne ke ci."

Dattijon ya nisa, ya ce, "Zauna, ɗana. Kai kana ƙidayar 27 da ba su zo ba, ni kuwa ina ƙidayar 13 da suka zo. Na ga shekarar da dawa ta nuna a Gimi, ta sunkuya don nauyi, babu mai girbe ta. Masu ita suna kwance cikin ɗaki suna barcin da ba a tashi. Tun ran nan, in na ga mutum tara a gidana kowa na iya ɗaga hannu ya kai baka, na kan ce an riga an ba ni kyauta tun ban leƙa rumbu ba."

Sa'an nan ya tuna masa wani labari na cikin Linjila, na kutare goma da suka gamu da Yesu Almasihu a hanya, suka roƙe shi ya ji tausayinsu. Duka goman suka warke, amma ɗaya tak ya juyo ya yi godiya, shi ma baƙo ne, Basamariye. Dattijon ya ce, "A ganina taran nan ba miyagu ba ne. Sauri ne ya ɗebe su. Wani ya tuna da matarsa, wani ya tuna da kasuwa, wani ya ce gobe ya komo. Abin da na ke tsoro ke nan, kada damuwar gobe ta sa mu wuce ba mu juyo ba."

Kada mai karatu ya yi saurin ba tsoho gaskiya duka. Ɗan ma yana da tasa, gama wanda ya bar iyalinsa da yunwa don a yabe shi a gaban jama'a bai yi ibada ba, ya yi alfahari ne. Uwargida, wadda ta ke jin su daga bakin murhu, ita ta raba gardamar. Ta fito ta ce, "Maigida, ka kai dami ɗaya, ni in ƙara da kazata. Ƙaramin goro ya fi babban dutse. Wanda za ka gode wa ya san nauyin dami ɗaya a shekara irin wannan." Dattijon ya daɗe yana duban ƙasa, gama abu ne mai wuya ga babba ya rage abin da aka san shi da shi. Can ya ce, "Kin yi gaskiya. Ina jin rabin dami na biyun nan don idon mutane ne." Ya ce wa ɗan ya mai da ɗaya cikin rumbu. Kashegari ya ɗauki ɗayan a kansa, uwargida na biye da kaza a hammata, suka ajiye a gaban jama'a. Tarin bai kai rabin na bara ba, amma an ce ba a taɓa yin waƙar godiya da ƙarfi kamar ta ran nan ba.

Abin da Kirista ke kira bangaskiya, watau dogara ga Allah, shi ya riƙe godiyar mutumin nan. Manomi ya fi kowa sanin ma'anarta. In bazara ta yi nisa, ya kan ɗauki hatsin da zai iya dakawa ya ci yau, ya binne shi cikin busasshiyar ƙasa, alhali ko hadari bai gani ba. Bai san ko ruwa zai zo kan lokaci ba, amma ya san in bai shuka ba babu girbi. Dattijon bai ɗauki damin da ya kai kamar jarin da za a biya shi da riba ba. Ya kan ce Allah ba abokin ciniki ba ne. Bai kuma naɗe hannu yana jiran abinci ya faɗo daga sama ba. Ana gama kaka ya sauka fadama shi da 'ya'yansa, suka haƙa 'yar rijiya, suka dasa albasa da tumatir, suka kuma kewaye rogonsu da ƙaya saboda awaki.

Da sanyi ya shigo, sai baƙi suka fara gangarowa daga arewa. Buzaye ne da Fulani da waɗansu Hausawan ƙasar Nijar waɗanda fari ya raba da dukiyarsu. Mutanen da jiya su ke da raƙuma da garken awaki, yau ga su a bakin kasuwa da tasha suna miƙa hannu, kunya na cinsu. Wata safiya dattijon ya fito ya tarad da wani Buzu da matarsa da yara biyu a gindin tsamiyar ƙofar gidansa, sun kwana nan cikin hunturu, ƙaramin yaron na tari. Ya yi musu sallama. Mutumin bai iya Hausa sosai ba, amma yunwa ba ta bukatar tafinta. Dattijon ya koma ciki ya ce a kawo kunu. Da yamma ya sa aka kwashe tarkacen da ke cikin ɗakin da ke kusa da zaure, aka share, aka shimfiɗa tabarma, ya ce su shiga.

Babban ɗan bai ce kome ba wannan karo, amma fuskarsa ta faɗi abin da ke ransa. Baki tara sun zama goma sha uku. Uwargida ta rage mudun da ta ke aunawa, ta ƙara wa kunu ruwa. Waɗansu kuma cikin jama'a suka yi ta magana, suna cewa mutum ya fara da nasa tukuna, ga matalauta cikin majami'a ba a gama da su ba. Da maganar ta kai kunnen dattijon, sai ya ce an taɓa tambayar Yesu wane ne maƙwabci, ya kuwa amsa da labarin wani matafiyi da 'yan fashi suka yi wa rauni a hanyar Urushalima zuwa Yariko. Manyan mutanensa biyu suka gan shi suka ratse, wanda ya tsaya ya ɗauke shi kuwa mutumin wata kabila ne dabam. Ya ce, "Ni ban je neman mutumin nan ba, a ƙofata aka ajiye mini shi. Wanda aka goyo daga Gimi ba shi da bakin cewa ɗakinsa ya cika."

Akwai wani abu kuma da ya kamata a lura da shi. Baƙon Musulmi ne, dattijon kuwa bai mai da tuwonsa ƙugiya ba. Ya ba shi buta, ya nuna masa alƙibla, ya kuma kai shi wurin wani malami maƙwabcinsa, wanda suka yi shekara talatin gonarsu na iyaka da juna, domin ya riƙa tafiya da shi masallaci ran Jumma'a. In za a yanka kaza a gidan, malamin nan a kan kira ya yanka, don baƙi su ci da kwanciyar rai. In baƙon ya tambaye shi abin da su ke karantawa da asuba, ya kan gaya masa, in bai tambaya ba ya ƙyale shi.

Da a ce tatsuniya ce, da nan za a ce Allah ya buɗe wa dattijon taska. Ba haka aka yi ba. Da zafi ya fara, ƙyanda ta shigo unguwar, ta kama ƙaramin ɗan baƙon, wanda dama yunwa ta riga ta raunana shi. Aka kai shi asibiti, aka yi iyakar ƙoƙari, uwargida ta kwana uku tana taya uwarsa jinya, dattijon ya yi ta addu'a, amma yaron ya cika. Dattijon ya buɗe akwatinsa ya fito da wani farin yadi da ya saya domin ya ɗinka riga, ya ba da shi aka yi likkafani. Malamin nan ya tara mutanensa suka yi wa yaron sutura bisa ga addinin iyayensa. Wanda ya ɗauki diga ya haƙa kabarin kuwa babban ɗan nan ne, ba wanda ya sa shi.

Da dare ya sami ubansa a zaure ya ce, "Baba, mun rage cikinmu mun ciyad da shi, mun yi addu'a, ga shi ya tafi. Ina amfanin?"

Dattijon ya ce, "Ban sani ba, ɗana. Na yi wannan tambaya a kan uwata shekara hamsin da wani abu, ba a ba ni amsa ba tukuna. Abin da na sani, yaron nan ya cika cikin ɗaki, kansa bisa cinyar uwarsa, da mutane kewaye da shi. Da a gindin tsamiya ne. Ba a ce mu hana mutuwa ba, an ce mu ƙaunaci maƙwabci. Namu ke nan, sauran na Mai shi ne."

Abin da ɗan ya faɗa tun farko ya tabbata, hatsi bai kai su bazara ba. Suka sayad da akuya biyu, suka ci rogo da kwaɗon rama da zogale, manya suka koma ci sau ɗaya a yini don yara da mai jego su samu. Har irin da aka ɓoye cikin tulu sai da aka taɓa. Ran da aka yi ruwan shuka na 1974, dattijon yana zaune yana tunanin abin da zai zuba a rami, sai ga malamin nan da ƙwarya rufe da faifai. Ya ajiye ya ce, "Malam, ga ɗan iri. Ba rance ba ne, kada ka sa a ranka. Na ga abin da ka yi wa baƙon nan, ɗan'uwana ne a addini, kai ka riga ni." Dattijon ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya. Daga baya ya kan ce karɓa ta fi bayarwa wuya, kuma wanda bai iya karɓa ba girman kai ne ke damunsa, ba wadata ba.

Daminar 1974 ta yi kyau. Baƙon, wanda bai taɓa riƙe fartanya ba tun da aka haife shi, ya shiga gona tare da su, hannunsa ya yi ta fashewa bai daina ba. Da aka yi girbi, dattijon ya auna masa rabonsa, ya sayar ya yi guzuri, ya ce zai koma ya ga ko akwai wanda ya ragu cikin danginsa. Ran tafiya ya ciro wata 'yar jakar fata mai ado da ke rataye a wuyansa, ita kaɗai ta rage masa daga gida, ya sa a hannun dattijon, ya riƙe hannun ya kasa magana. Suka raka shi har bakin hanya. Ba a sake jin labarinsa ba. Dattijon bai yi arziki ba har ya bar duniya, amma kowace kaka bayansa babban ɗan nan ne ke ɗaukar dami a ka zuwa majami'a, ko shekara ta yi kyau ko ba ta yi ba. In 'ya'yansa sun yi ƙorafi, ya kan ɗauko musu jakar fatar nan ya ba su labarinta.

Kowace mace ta san tukunya ba ta zama sai bisa duwatsun murhu uku. Haka zaman gidan dattijon nan ya ke. Godiya ta sa ya ga abin da ke hannunsa, har ya san yana da abin bayarwa. Bangaskiya ta hana tsoron gobe ya ƙulle masa hannu. Ƙauna kuwa ita ta nuna masa inda zai kai, gama Allah ba ya cin dawa, kamar yadda ɗan ya faɗa, amma baƙon da ke gindin tsamiya yana ci. Cire ɗaya daga cikin ukun nan, tukunya ta kife. Mai godiyar da ba ya bayarwa, bakinsa kaɗai ke godiya. Mai bayarwar da ba ya godiya kuwa, ba ya daɗewa sai ya fara gori.

Mai karatu, ko kai Kirista ne ko Musulmi, gobe da safe wani zai tarad da kai bakin aikinka ya ce, "Ina aiki?" Kafin ka amsa, ɗan dakata ka ƙidaya damin da ya zo, sa'an nan ka duba ko akwai wanda ya kwana a ƙofarka. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Allah ya sa a dace.